Sau Uku Ramlatu Ta Miƙe

Har gobe ban manta da wata ranar Alhamis ba, a mako na biyu na sansanin muhawara da muke yi wa 'yan sakandare duk hutun zafi a nan Dubai. Ku da kuka shigo aikin bana kuna ganin na cika tsanani a kan takardar kiran masu magana, har na ji wasunku na ce mini Madam Ƙa'ida a bayan idona. Na ji, kuma ban yi fushi ba. Ku gyara zama ku ji dalili.

Lokacin ina shekarata ta uku a aikin. Turanci nake koyarwa a wata makaranta, in hutu ya zo sai in karɓi wannan. Makarantar da muke arowa tana gefen Al Quoz, bayan layin manyan ɗakunan ajiyar kaya. Yara ashirin ne a ajina. Mukan jera kujeru kamar zauren majalisa, kowane yaro ya zama sanata. Sai a kawo ƙuduri, wato dokar da ake son kafawa, mai goyon baya ya yi minti uku, mai suka ya yi minti uku, a yi musu tambayoyi. Mai son magana miƙewa yake yi, shugaban zama ya kira shi. Wanda bai taɓa magana ba shi ne a gaba. In suna da yawa, zaɓi ya rage ga shugaba. Wanda kuwa bai miƙe ba, ba a kiran sa, ko ɗan waye.

Alhamis ɗin nan ita ce ranar tantancewa. Alƙalai biyu ke ba da maki, yara shida su wuce zaman ƙarshe na ranar Asabar, wanda ake yi a gaban iyaye. Yaron da bai buɗe baki ba ba shi da maki, ya faɗi ke nan. Sauran ranaku yara ke shugabantar kansu, amma ranar tantancewa malami ke hawa kujera. Shugabar sansanin, Madam Rima, wata 'yar Labanan mai saurin magana, ita ta miƙo mini 'yar gudumar shugaban zama da safe ta ce, "Yalla, Bilkisu, ajinki ne."

A ajin akwai Ramlatu, 'yar shekara goma sha shida. Mahaifiyarta, Hajiya Asabe, maƙwabciyata ce a International City, su a hawa na biyu, ni a na uku, kuma unguwarmu ɗaya a Kano. Ni na kai sunan yarinyar sansanin, bas ɗaya muke shiga, kowa ya san Anti take ce mini. Aikin babanta a wani kamfanin kayan gyaran mota a Ras Al Khor ya ƙare, ƙarshen Agusta za su koma gida gaba ɗaya. Ke nan ba ta da wani baɗi a wurin nan. Abin da take so bai wuce ta tsaya ranar Asabar babanta ya ji ta ba.

Kuma wallahi ta cancanta. Ranar farko ko muryarta ba a ji, idonta a ƙasa. Kwana tara na yi ina ce mata, "Ɗago kai, 'yar nan, ba surukanki ba ne." Zuwa mako na biyu ba mai kama ƙafarta. Ƙudurin ranar kuwa kamar don ita aka rubuta: a wajabta wa makarantu koya wa kowane yaro harshen iyayensa. Ta shirya jawabi a kan ƙanenta, wanda in kakarsu ta bugo waya daga Kano sai dai ya yi ta murmushi, ba ya iya amsa gaisuwa.

Ina buga guduma, yara kusan goma suka miƙe. Ramlatu ce ta riga kowa, da idona na gani. Sai zuciyata ta ce, haba Bilkisu, ki fara da 'yar gida? Me Indiyawa da Larabawan nan za su ce? Mu da aka raine mu a kan kara, ba ka fara zuba wa naka abinci ga baƙo a zaune, ba ka yabon ɗanka a gaban mutane. Na kawar da kai na kira wani yaro ɗan Masar.

Zagaye na biyu ta sake miƙewa. Na ce a raina bari dai a ɗan ƙara nisa, na kira wata 'yar Filifin. Na uku ta miƙe, wannan karon a hankali, tana kallo na. Ni kuwa na duƙar da kai kan takarda kamar mai neman wani abu, na kira na kusa da ita. Ban karya ƙa'ida ba, don duk ba su yi magana ba tukuna. Lissafina shi ne, in aka ci gaba ita kaɗai za ta rage, dole in kira ta, ba mai cewa na yi son kai. Har daɗi nake ji wai na iya zama da mutane.

Ba ta sake miƙewa ba. Aka yi jawabi na shida, na goma, na goma sha biyar, tana zaune ta ɗora hannu kan takardunta. Na yi gyaran murya, na zuba mata ido, na ce, "Akwai sanatocin da ba mu ji daga gare su ba." Ko motsi ba ta yi ba. Ga alƙalai a gefena, ba damar in kira wanda ke zaune. Awa biyu suka cika, na buga guduma na rufe zama.

Madam Rima ta same ni a ofis da takardar maki a hannu. Ta ce, "Habibti, layin Ramlatu ba ko ɗigo. Ba ta da lafiya ne?" Na yi mata bayanin kara iya iyawata. Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce, "Wato da ba ki san uwarta ba, da kin kira ta tun farko?" Na ce ƙwarai. Ta ce, "To kin hukunta ta ne don ta san ki." Na roƙe ta a ba yarinyar minti uku ko a wani ajin. Ta ce alƙalai sun sa hannu, in ta buɗe wa ɗaya sai ta buɗe wa kowa. "Khalas, Bilkisu, magana ta ƙare."

A bas muna komawa, sai da muka yi nisa na iya tambayar ta. Na ce, "Ramlatu, me ya zaunar da ke?" Ta ce, "Anti, na ga kin kawar da kai har sau uku. A gida in Mama ta yi mini haka gaban baƙi, nufinta in yi shiru. Na ɗauka kin ga ban shirya ba ne, kina rufa mini asiri." Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta zage ni, da ya fi mini sauƙi. Na ce mata laifina ne, ta yafe mini. Ta ce, "Lah, Anti, ba komai," ta juya tana kallon taga.

Ranar Asabar babanta bai zo ba, don ba abin da zai zo gani. Ita ta zo, ta zauna a layin baya, ta tafa wa kowa.

Abin da na koya a aikin nan shi ne, kujerar shugaba ba ta san 'yar gida ba, ba ta san baƙo ba. Duk muna tsoron a ce mun fifita namu, amma danne naka don a yabe ka shi ma son kai ne, kuma yaro ne ke ɗaukar nauyinsa. Sannan yaranmu suna karanta fuskar babba fiye da yadda suke karanta littafin ƙa'ida. Shi ya sa nake tilasta muku ku rubuta wanda ya fara miƙewa, ku kira shi, ku kuma dube shi a ido.

Ana jibi za su tafi, Hajiya Asabe ta hawo fulat ɗina da kwanon dambun nama. Yarinyar ba ta gaya mata komai ba, cewa kawai ta yi ba ta ci tantancewar ba. Hajiya ta riƙe hannuna tana ta sa albarka, ta ce, "Malama, Allah ya saka da alheri. Kin riƙe mini Ramlatu kamar 'yar cikinki." Na karɓi kwanon, na ce amin. Gaskiya ta faɗa, kuma abin da ya cuci yarinyar ke nan.