Muryar Mama a Motar Citta

Rediyon da a-kori-kurar Baba ta zo da shi daga kamfani ba shi da nauyin sauti. In aka sa kaset ɗin waƙoƙin zumuntar matan coci, kiɗan tulu sai ya ɓace, muryar marigayiya Mama ta fito siririya a saman sauran. Haka muke jin ta duk ranar ɗauko citta daga Fadan Kagoma.

Bara yayana ya sa aka ɗaura manyan lasifikoki a Kafanchan, don ya faranta wa Baba. Tulu ya cika motar har ƙofa na rawa, Mama ta nutse cikin taron.

"Ina tsofaffin?" Baba ya tambaye shi a hankali.

Mai gyaran da ya cire tsofaffin lasifikokin ya riga ya ba da su ga 'yan gwangwan.