Hannun Malam Boubacar ya kai Birmingham

Kullum da an idar da sallar asuba, Malam Boubacar yakan rataya jakar kayan aikinsa, ya fito daga masaukin ma'aikata na Dubai Investments Park, ya kama hanyar Deira. Shekara goma sha tara yana gyara mana na'urorin sanyaya ɗaki a ofisoshin Al Khabaisi da shagunan Murshid Bazaar. Mutumin Damagaram ne, marar yawan magana. Ba ya buɗe jaka sai ya ɗora tafin hannunsa a kan bututu ya lumshe ido, kamar uwa tana duba zazzaɓi. 'Yan kargo su yi ta tsokanarsa: "Likita, yalla, yi sauri mana, awon ya isa!" Shi kuwa ya ce, "Doucement, a hankali. Hannu kafin makulli."

Makon gobe zai koma gida gaba ɗaya. Wallahi ba zan bari ya tafi ban faɗi abin da ya yi mini ba!

A hunturun bara 'yata Rahila ta haihu a Birmingham, inda take karatu. Kwanan jaririyarta Mahfuza goma sha biyu a duniya, lagireton ɗakin kwanansu ya ƙi zafi, wato ƙarfen nan na jikin bango da ruwan zafi ke bi ta cikinsa ya ɗumama ɗaki. Mijinta ya yi tafiya, mai gidan hayar ya ce mai gyara sai bayan mako guda. Rahila kuwa tashin Dubai ce, ta saba komai dannawa ake yi. Ta yi ta ƙara lambar na'urar ɗumama gidan da ke bango har kicin ya zama gidan burodi, ɗaki na nan kamar randa. Kwana biyu tana zaune a kujerar kicin da jinjira a ƙirji. Ta kira ni da hantsi tana kuka: "Umma, ta fara tari."

Hankalina ya tashi. Ina ofis, ga Malam Boubacar a kan tsani. Na ce, "Malam, kai sanyi ka sani, amma don Allah saurari yarinyar nan." Ashe kafin Dubai ya yi shekara shida yana aikin ɗumama gidaje a Faransa, bai taɓa faɗa wa kowa ba! Ya sauko ya karɓi wayar.

"'Yata, bar dannawar nan. Sa hannunki a ƙasan ƙarfen. Me kika ji?"

"Da ɗumi, Baba."

"Sama fa?"

"Ƙanƙara!"

"Voilà! Iska ce ta tare wa ruwa hanya. Lafiyarsa ƙalau."

Ya sa ta kashe na'urar, ta jira ƙarfen ya huce, ta binciko wani ɗan makulli a aljihun teburin kicin. Ya ce ta tara tsumma, ta sa makullin ta murɗa ɗan kusan da ke kusurwar ƙarfen ta sama kaɗan. Sai muka ji fiiiii ta cikin waya! Rahila ta zabura za ta gudu. Ya ce, "Tsaya, ba maciji ba ne. In ruwa ya ɗigo, ki rufe." Ruwa ya ɗigo, ta rufe, ta kunna. Bai koma kan tsaninsa ba sai da ta kwatsa ihu: "Umma, ya yi zafi har sama!" Ni da girmana na rangaɗa guɗa a tsakiyar ofis, Indiyawan da muke aiki tare suka fito a guje.

Kai ne, Malam Boubacar, ka ara wa 'yata hannunka daga wata duniya. Kai ne da na rasa bakin godiya ka ce, "Hajiya Sadia, a kai jinjirar asibiti a duba tarin, sannan ki ce wa Rahila ta koya wa maƙwabta." An kai ta, ta warke. Rahila kuma zuwa yanzu gida huɗu ta fitar wa iska a benensu.

Masu sana'a, ku yi koyi da shi: ku taɓa kafin ku kwance, kuma kada ku yi rowar abin da kuka sani. Mun gode, Malam, Allah Ya kai ka Damagaram lafiya, Ya sa ka gama da duniya lafiya. Mahfuza ta fara tafiya. Jiya uwarta ta turo mini hotonta a jikin ƙarfen nan, ta ɗora masa tafin hannu.