Mutumin da Ya Tsaya Mini in Tsallaka

Kafin a san ni da faɗuwa a gaban ababen hawa, ni mai koyon ɗinki ne a wani shago a Gaya. Daga wani ƙauye kusa da Toranke na zo. Mahaifina manomi ne, mahaifiyata kuwa ta rasu tun ina ƙarami. Aikina saka maɓalli da guga, kuma da zarar maigidana ya fita sai in zaro littafin soyayya daga ƙarƙashin tebur. Kullum ina ganin kaina a matsayin saurayin nan da duniya ta wulaƙanta, wanda wata rana kowa zai yi kuka saboda shi.

Akwai wata yarinya, Hindatu, mai kawo awara bakin shagonmu da yamma. Na taɓa ce mata idanunta sun fi farin wata haske. Ta yi dariya, ta ce kalamaina sun fi awararta maiƙo, in dai saya zan yi in saya. Duk da haka ba ta daina tsayawa ba.

Wata ranar kasuwa ina tsallaka titi, wani ɗan acaba ya goge ni na faɗi. Gwiwata ce kawai ta ƙuje. To a wurinmu, idan abin hawa ya taɓa mai tafiya a ƙasa, ba a tambayar yadda aka yi. Kowa ya yarda mai ƙafa ke da hanya, don haka laifin na direba ne. Nan da nan aka yi kaina. Wani ya tallafe ni, wata tana mini fifita da mayafinta, aka tsare ɗan acaban sai da ya biya kuɗin magani. Hindatu ta zo da gudu tana hawaye. Tun da nake ba a taɓa damuwa da ni haka ba, kuma na ji daɗin abin fiye da yadda ya kamata.

Faɗuwa ta biyu ni na shirya ta, a bakin tasha a Ajingi. Na gaya wa kaina sau ɗaya ne. Daga nan na koyi aikin: in zaɓi ranar kasuwa, in zaɓi abin hawan da ya rage gudu, in daki jikinsa da tafin hannu don a ji ƙara, in zube in rufe ido. Jama'a su za su ƙarasa sauran. Direba kuwa, don ya tsira da ransa, ba ya gardama. Ina sauya gari don kada a gane ni. Na daina zuwa shago, na saya wa Hindatu gyale da turare, na ce mata ɗinki ne ya karɓe ni. In na dawo da ɗingishi ta tausaya mini, ta ce ni kam ababen hawa sun sa mini ido.

Ranar da asirina ya tonu, da hantsi ne, a Gaya. Na hango wata adaidaita ɗauke da mata da buhun gyaɗa, tana tahowa a hankali. Direban dattijo ne mai furfura a gemu. Daga baya na san sunansa Malam Ado, mutumin Balan. Na sa ƙafa a titi. Maimakon ya rage gudu kawai, sai ya tsaya cak, ya leƙo yana murmushi, ya yi mini nuni da hannu.

"Bismillah, ɗana, tsallaka."

Na riga na ɗaga hannu. Na daki gaban adaidaitar da ke tsaye, na zube.

Ina kwance ina jin komai. Na ji an jawo shi waje. Na ji yana rantsuwa cewa a tsaye yake, yana cewa a tambaye ni. Wani ya ce wa za a tambaya, wanda ka kashe? Sai na ji saukar itace. Na ɗan buɗe ido na ga hularsa a ƙasa ana takawa, shi kuma ya kare kansa da hannun dama. Abin da ake buƙata kawai in tashi zaune in ce ƙarya nake. Ban tashi ba. Ina kunyar rubuta wannan, amma a lokacin tunanin da nake yi shi ne yadda labarin zai isa kunnen Hindatu.

Wata tsohuwa daga cikin fasinjojinsa ce ta ratso mutane ta murɗe mini kunne, har na yi ƙara na miƙe.

"Ga gawar taku nan ta tashi," in ji ta. "Ina kallonka, ɗan nema, tun daga can gefen titi."

Wani ɗan acaba ya dube ni da kyau, ya ce ai ya san ni, ni ne na faɗi a gabansa a Ajingi. Da 'yan sanda ba su iso ba, da jama'ar da na saba yaudara da faɗuwata sun gama da ni.

Hannun Malam Ado ya karye a wuri biyu. A kotu ban yi musu ba, alƙali ya tura ni gidan yari. Hindatu ta zo ranar, ta tsaya daga nesa. Da za a fita da ni ta matso, ta tambaye ni ko duk kukan da ta yi mini ina kallonta ne ta ƙasan ido. Na sunkuyar da kai. Ina ciki na ji ta yi aure, kuma ban ga laifinta ba.

Da na fito, mahaifina ya raka ni Balan. Muka sami Malam Ado a zaure yana ɓarar gyaɗa da hannun hagu, na daman ya ɗoru a karkace. Na durƙusa na faɗi abin da na zo da shi. A hanya na tsara kalamai masu daɗi, amma duk suka gudu. Ya ajiye gyaɗar, ya dube ni.

"Nawa na yafe tun ina asibiti," in ji shi. "Amma ɗana Sabi'u ne ke tuƙa adaidaitar yanzu. A gabansa aka kawo ni gida ranar. Ya rantse ba zai tsaya wa kowa a titi ba, ko tsohuwa ce, ko makaho. Na yi faɗa har na gaji. In kana da magana, shi za ka gaya wa."

Na jira Sabi'u har la'asar. Ya saurare ni ba tare da ya kashe injin ba, sannan ya ja kekensa ya tafi. Na koma wurinsa bayan haka, kuma zan sake komawa.

Ku matasa, ku ji daga bakin wanda ya yi. Tausayin da jama'a ke yi wa mai tafiya a ƙasa ba nawa ba ne, na tsofaffi ne da marasa lafiya da mata masu goyo, ni kuwa na sace shi na kashe. Idan kuna tuƙi, ku tsaya wa mai tsallakawa, ko da kun ji labarin irina. Idan kuma a ƙasa kuke, direba ya tsaya muku, ku ɗaga masa hannu ku wuce. Yanzu na koma kan keken ɗinki. Amma duk ranar kasuwa in na ga tsohuwa a bakin titi ta ɗaga hannu ababen hawa suna wuce ta, na san da hannuna a cikin tsayuwar da take yi.