Ƙudan zuman ƙarƙashin kujerar Hajiya

Na ci ƙuruciyata ina jan motar haya tsakanin Ƙanƙara da Faskari, zamanin motocin kabireta. Irin waɗancan motoci ba su da rufa-rufa. In ta ƙi tashi sai ka taka totur, ko ka zuƙo mai da baki ta tiyo, in duk ta ƙi ka tara mutane su tura. Da wannan ilimi na tsufa, ina ganin babu motar da za ta raina ni.

Sai ɗana na fari, wanda ke sana'ar hatsi a Sabuwa, ya sayo mini mota ta zamani, mai canza giya da kanta. Ba ta yi sati a ƙofar gida ba na gane na zama direban unguwa. Wannan a kai shi gaisuwa, wancan a ɗauko masa taki. Ƙarya ba ta dace da furfura ba, don haka na samo dabara: na daina zuba mai sai ɗan abin da zai kai ni ya dawo da ni. Duk wanda ya zo, sai in kama hannunsa in nuna masa allurar mai tana kwance. Wanda ya fi shan wannan kallo shi ne maƙwabcina mai noman albasa. Mutum ne mai haƙuri. Yakan duba allurar, ya ce, "Allah ya ba ta lafiya, Alhaji," ya koma ya ɗaure buhunansa a babur.

Ana nan matar ɗan nawa ta haihu. Na buga waya na ce kada ya sayi rago, na gidana da na yi kiwo da hannuna shi za a yanka. Ya ce, "Baba, hanya fa." Na ce na san hanyar kafin a haife shi. Yanzu ba a bin wannan hanya sai gari ya waye sosai, saboda haka ya roƙi liman a jinkirta raɗin suna zuwa hantsi. Ke nan in ban isa ba, an tara mutane babu ragon yanka, ɗana kuma ya ji kunya a gaban surukansa.

Ranar suna muka ɗaure rago a bayan mota, matata Hajiya ta shiga kujerar baya inda ta saba zama, da ƙwaryar fura a cinya. Na murɗa makulli. Injin ya juya, ya juya, ya ƙi kamawa. Na taka totur kamar yadda na saba tun ina saurayi. Shiru.

Hajiya ta ce, "Alhaji, yau ban ji ƙudan zuman nan ba."

Na ce, "Hajiya, maganar mota ake, ba ta amya ba."

Maƙwabta suka fito. Mai albasa ne ya fara sa kafaɗa, ban ko roƙe shi ba. Suka tura ni daga ƙofar gida har bakin masallaci, suka juyo da ni, rago na kuka, ni ina ta laluben kuloci da ƙafar hagu a motar da ba ta da shi. Na san irin wannan mota ba ta tashi da turi, ɗana ya faɗa mini. Amma ƙafa da kai ba lokaci guda suke karatu ba.

Dole na aika a kira taubashina, ɗan kawuna, bakanike ne a bakin tasha. Tun muna yara ba mu haɗu mun rabu ba tare da ya cije ni da magana ba. Ya iso yana goge hannu, ya dubi mutanen da ke haki, ya ce, "Wa ya ce ku tura? Kun ga ta yi kama da amalanke?"

Ya kunna fitila, ta yi haske. Ya danna hon, rago ya zabura. Ya ce batir lafiya lau. Ya sa na murɗa, ya saurari injin, ya ce tunda yana juyawa da ƙarfi, ko wuta ce ba ta kai ba ko mai. Ya leƙa allura.

"Akwai mai kuwa?"

"Na zuba galan jiya."

"Galan. Zuwa Sabuwa. Kai ko jaki ka ba wannan abincin ai ya kai ka ƙara wurin mai gari."

Hajiya ta leƙo ta taga. "Ni dai na faɗa masa ban ji ƙudan zuman ba. Kullum in ya murɗa makulli, kafin ta tashi, wani abu kan yi zuu a ƙarƙashina ya yi shiru. Kwanan nan kukan ya zama na mai mura. Yau ko tari babu."

Taubashina ya juyo gare ni a hankali. "Ka ji mai mota. Kai ashe ɗan rakiya ne."

Ya yi mana bayani. Motocin yanzu famfon mansu na lantarki ne, yana cikin tanki, tankin kuma yana ƙarƙashin kujerar baya. Da an murɗa makulli sai ya yi ɗan kuka yana tura mai zuwa injin. Man da yake nutse a ciki shi ke sanyaya shi. Wanda ya bar tanki kullum a bushe, famfon na zafi, yana kuma tsotsar dattin ƙasan tanki, har ya gaji. Bai dube ni ba yana faɗin haka. Mai albasa ya duba, mai albasa kuma ya dubi sama.

Ya zaro fis ɗin famfon, ya ga bai ƙone ba, ya mayar. Sannan ya ce a kawo taɓarya. Na zaci wasa ne. Ya kwanta a ƙasa, ya ce in murɗa makulli in ya ce murɗa, ya ɗan bubbuga gindin tankin da ita.

Hajiya ta ce, "Ga shi nan. Ya farka."

Na ƙara murɗawa, mota ta ɗauka.

Ya miƙe yana kaɗe riga. "Ba gyara ba ne, tashin mai barci ne. Kada ka tsaya har Sheme. Can ka cika ta, in ta ƙi tashi ga taɓarya. Gobe ka kawo a sauya famfo. Hajiya, ke ce kunnensa, nasa sun yi ritaya."

Sai dai bugun na son mai kwanciya a ƙasa, ni kuma gwiwa ta daɗe da ƙi. Kafin in buɗe baki mai albasa ya ɗauki taɓaryar ya shiga gaba. Ya ce dama bai taɓa ganin cikin motar ba sai allurarta.

A Sheme na ce a cika tanki. Mai sayar da man, wanda ya san ni, ya sake tambaya ko ya ji daidai. Da na murɗa ta ƙi. Mai albasa ya kwanta cikin ƙura da rigarsa ta zuwa masallaci, ya buga, Hajiya ta ce ya farka, muka wuce.

Mun shiga Sabuwa rana ta ɗaga, an shimfiɗa tabarmi, goro ya zagaya, liman na ta duban hanya. Ɗana na tsaye a bakin zaure, fuskarsa kamar wanda ya haɗiye ƙaya. Da ya ji kukan rago sai ya saki numfashi. Aka yanka, aka raɗa wa yarinya suna. Surukin ɗana ya tambayi wane ne baƙon nan mai taɓarya, na ce maƙwabcina ne, kuma in ba don shi ba da tsire sai dai na kaza. Cinyar da aka ware mini, shi na ba.

An sauya famfo washegari. Tun daga nan allurar ba ta sauka ƙasa da rabi ba, duk unguwa kuma ta sani, domin taubashina bai bar kowa cikin duhu ba. Bayan motar yanzu warin albasa yake yi. Kowace safiya in na murɗa makulli, nakan dakata in juyo, sai Hajiya ta gyaɗa kai sannan in tayar.