Baba Cire-Wuta da Kwamfutar da Aka Kai wa Mai Faci

Mataimakin shugaban ofishin jarrabawa ya yi ƙarya, kuma ya yi ta ne a kan dattijon da ya isa haihuwarsa. Shi ne ya jawo lalacewar kwamfutar da ke riƙe da sakamakon ɗalibai, sannan ya ɗauki biro ya rubuta cewa Baba Cire-Wuta ne ya yi ɓarnar, saura kwana uku dattijon ya yi ritaya. Takardar nan in ta shiga fayil, da ita zai tafi gida bayan shekara ashirin da shida.

Shi Baba, masinja aka ɗauke shi. Da aka kawo kwamfutoci, babu wanda ya koya masa komai; tambaya ce da naci, da tsayawa a kan masu gyara har su gaji da shi. Tagogin ofishin suna kallon layin kafintoci, garin katako kuwa ba ya neman izini kafin ya shigo. Don haka kullum bakwai ba ta yi ba yana wurin, yana bin tebur tebur yana kasa kunne. Kwamfutar da ya ji fankarta tana nishi, ranarta ta zo.

Bai iya zama ba. Ko shayi a tsaye yake sha. Amma in ya zo kan aikin share kwamfuta, sai ka rantse wani mutum ne daban. Ya kashe na'ura, ya zare filogi daga bango, ya danne maɓallin kunnawa har ragowar wutar ciki ta fita. Ya ɗauki akwatin kwamfutar ya fitar baranda. Kafin ya sa hannu ciki sai ya taɓa ƙarfen jikinsa, don wutar da ke jikin mutum ma tana kashe ƙananan kayan nan. Sai buroshi mai laushi, sai ɗan famfon roba na hannu. Yana hura iska a hankali, yatsansa a kan fanka don kada ta juya. Tsumma mai ruwa kuwa, ko kusa.

"Baba, ɗan goge mini nan kawai, sauri nake," in ji mai buga takardu.

"Cire wuta, 'yata."

"Haba Baba, sama-sama fa na ce!"

"Sama-saman ma cire wuta."

Daga nan sunan ya bi shi, har matarsa da shi take tsokanarsa.

Ranar Litinin ya nemi izini ya kai matar tasa asibiti. A ranar aka ce masu duba aiki suna tafe, babbar kwamfuta mai sakamakon ɗalibai kuma tana ƙara. Mataimaki bai jira kowa ba. Ya sa ta a bayan mota ya kai wa mai faci, aka buɗe ta a bakin titi aka sakar mata iskar taya. Washegari ta ƙi tashi, kafin goma kuma takardar tuhuma tana hannun Baba: wai shi ne ya buɗe ta na ƙarshe.

Ya karanta a tsaye. Ya fita baranda, ya dawo, ya sake fita. Mataimaki yana can yana ta danna maɓalli kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar kurma.

"Ranka ya daɗe, a cire wuta."

"Kai da ka lalata ta ne za ka ba ni umarni?"

Baba ya sunkuya ya zare filogin da kansa. Ya buɗe akwatin. Ciki fes, tsaftar da buroshinsa bai taɓa yin irinta ba. Fanka ta rasa haƙora biyu. Ga ɗigon ruwa a lungu, ga ƙaurin baƙin mai. Ya cire faifan ajiya, inda sakamakon yake, ya shanya a inuwa, ya ce wa mai buga takardu ko shugaba ne ya zo kada a taɓa. Sannan ya sa hula ya bi layi.

Ya tambayi mai walda, ya tambayi mai wankin mota. Na uku shi ne mai faci, yana zaune a kan tsohuwar taya.

"Ɗana, an kawo maka wani akwatin ƙarfe jiya?"

"Ai ni na yi aikin, Baba! Na hura masa iskar da ta isa tayar tirela. Fankar nan har guɗa take yi. Yaya, ya ji sauƙi?"

"Ya rasu. Injin naka yana tofa ruwa?"

"Ɗan kaɗan. Taya dai ba ta taɓa kawo ƙara ba."

"To taso ka faɗa wa shugabanmu haka, yadda ka faɗa mini."

Mai faci ya taso da baƙin mai a hannu, ya faɗa a gaban kowa, har da launin motar mataimaki. Duk da haka Baba bai zauna ba. Kwana guda ya yi yana leƙa faifan nan kamar mai jinya. Ranar Laraba ya sa shi a wata kwamfuta, sunayen ɗalibai suka fito har na ƙarshe. Shugaba ya yaga takardar tuhuma a gabansa. Sai a lokacin Baba ya nemi kujera.

Kai ne, Baba, wanda ya shaƙi ƙurar ofis shekara ashirin da shida don na'urorinsa su yi numfashi. Kai ne aka ɗora wa laifi, ka fara ceton aikin mutane kafin ka je neman mai wanke ka. Mai buroshi, maganin masu gaggawa. An gode, Allah ya ba uwargida lafiya, kai kuma ya koya maka zama.

Ku kuma da kuke ganin shara ba aiki ba ce, ku ji kunya. Ku zare filogi kafin ku sa hannu, ku riƙe fanka, ku nisanci ruwa da iska mai ƙarfi. Abin da ba ku sani ba ku tambayi wanda ya sani, ko da masinja ne. In kun yi ɓarna, ku ce ku ne.

Ranar Juma'a aka sallami Baba Cire-Wuta da fayil mai tsafta. Mataimaki kuwa an sauke shi daga muƙaminsa, an rubuta ƙaryar a fayil ɗinsa, an mayar da shi ɗakin tsofaffin takardu.