Lunguna Huɗu a Kusurwar Shariha

Abdulghani Bello shi ne mutumin da ya sake gina Karantina, tsohuwar unguwarsu ta zuriyar mahajjata a bakin teku, bayan an rushe ta, kuma ba sau ɗaya ba, sau dubu arba'in. Bai sayi bulo ko ɗaya ba, bai kwaɓa siminti ba, bai nemi takardar izini a wurin kowa ba. Gaskiya dai ba Karantina duka ba ce, lunguna huɗu ne daga cikinta, waɗanda ke bayan masallacin Baba Abduljalil. Kuma in ka ɗora ƙwayar riɗi a kansu, za ta rufe su ruf har wuri ya ragu.

Yana aiki ne a wani ƙaramin kamfani a Madinar Masana'antu, wato unguwar masana'antun garin, tsakanin ma'ajiyar tayoyi da wata masana'antar kwali. Sana'arsu zana shariha, wato ɗan guntun silikon ɗin nan da ake sa wa na'ura don ta san abin da take yi. Mai masana'anta zai zo ya ce yana son wadda za ta lura da famfon ruwa, ko wadda za ta kashe inji in ya yi zafi. Injiniyoyi su tsara tunanin, shi kuma Abdulghani ya shimfiɗa shi: shi ke yanke inda kowace waya za ta bi, da inda za ta kauce wa 'yar'uwarta. Daga nan sai a aika zanen can gabashin Asiya, bayan wata huɗu kaya su dawo a cikin kwali. Shekararsa goma sha ɗaya a wannan kujera, babu wanda ya taɓa ganin aikinsa da ido, shi ma bai ga abin ƙorafi a ciki ba.

A fuskar kwamfuta zanen yana kama da gari in an hango shi daga jirgi. Bayan azahar, idan abinci ya zauna a ciki, na'urar sanyi tana ta gurnaninta, Abdulghani yakan sauka cikin garin. Ya bi wata doguwar waya shuɗiya kamar mai tafiya kasuwa, ya tsaya a mararraba, ya leƙa wani fili da babu kowa. Wani lokaci har yakan ji kamar ana kiran salla daga can bayan layuka. Abokan aikinsa sun ɗauka zurfin tunani ne irin na ƙwararru, suna wucewa a hankali don kada su katse shi.

Kakansa ya taso daga Gumel a ƙafa da niyyar hajji ɗaya, ya yi shekara bakwai a hanya, da ya iso sai ya ga komawa ta yi nisa. Mahaifinsa ya tuƙa babbar mota a tashar jiragen ruwa har Allah ya karɓi abinsa. Saura mahaifiyarsa, Inna Mastura, da ƙanwarsa Areej. Shi ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yabonsa a gaban idonsa ba, kuma in tana da magana da shi sai ta faɗa wa Areej, ko da yana zaune a tabarma ɗaya da su. Shekara arba'in ana haka, saƙo bai taɓa ɓata ba.

Da aka tashe su daga Karantina suka koma wani bene hawa na uku, a unguwar da maƙwabta ke gaisawa da kai kawai. Inna ba ta yi kuka ba. Ta ajiye kujerarta gaban taga, tagar kuwa bangon wani benen take kallo. Wata rana da la'asar ya ji tana tambayar Areej, a hankali, kamar mai tambayar abin kunya:

"Ke, daga gidanmu in za a je tanda, hagu ake yi ko dama?"

Matar da ta yi shekara hamsin tana bin wannan hanya da kwanon ƙullu a kai. Ba da Abdulghani ake ba. Amma a ranar ya ƙudura cewa sai Inna ta sake ganin gidanta, a inda yake, tsakanin maƙwabtansa, kafin hanyar ta gama goge mata.

A lokacin suna kan wata shariha ta famfunan ban ruwa, kuma a kusurwarta ta hagu an sami ɗan wuri da babu abin sawa. Ya je wurin shugabansa, Injiniya Nawaf, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da yake so: ya zana lungunansu a wurin.

"Ka zana raƙumi ma in ka ga dama, ya Abdu," in ji Nawaf, idonsa na kan waya. "Mai famfo ba zai buɗe ya duba ba. Sharaɗi ɗaya: kada manhajar bincike ta nuna mini jar alamar kuskure ko ɗaya. Sati uku za mu aika, halas, magana ta ƙare."

Kuskurensa shi ne ya gaya wa Areej. Areej ta gaya wa mutum ɗaya tak, mutum ɗayan kuwa zauren WhatsApp ne na tsofaffin 'yan unguwa, mai mutum ɗari da tara. Kafin Juma'a labari ya zama cewa ɗan Mastura zai mayar da Karantina cikin kwamfuta, wasu ma sun ji cewa za a raba makullai.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka taru a farfajiyar gidan da Baba Abduljalil ke zaune wurin ɗansa. Tsohon ya yi shekara talatin yana gasa tsire a bakin masallaci, har yanzu hannunsa na juya abin da babu in yana magana. Abdulghani ya shimfiɗa babbar takarda a kan darduma, aka danne kusurwoyinta da kofunan shayi.

"Gidana hawa biyu ne," in ji Baba Abduljalil. "Ina hawa na biyun?"

"Ya ammi," in ji Abdulghani, wato baffa, "daga sama ake kallo. Ba a ganin hawa."

"To ka yi yadda za a gani. Ba kai ne injiniyan ba?"

"Ba injiniya ba ne ni, Baba."

"Ka ji shi. Uwarsa ta kashe ƙafa tana kai shi makaranta, yau ya ce ba shi ba ne."

Hajiya Sadiyya mai tanda ta ce in ba a sa tandarta ba kada a sa ta, don ita da tandar ba a taɓa raba su ba, ko ranar tashi tare aka ɗora su a mota. Wasu dattawa biyu da suka yi shekara ashirin suna rigima a kan taƙi ɗaya na katanga suka ci gaba daga inda suka tsaya. Abdulghani ya yi musu bayani cewa a kan shariha taƙin nan bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kaurin gashi ba.

"To tunda ba komai ba ne," in ji ɗayan, "ka bar mini shi."

Da magariba ta gabato takardar ta cika da gida sittin da huɗu, da masallaci, da tanda, da wata bishiyar nim, wato dalbejiya, da mutum uku suka rantse a wurare uku daban-daban take.

Ya kwashe kwana tara yana mayar da takardar cikin kusurwa, da siraran layukan ƙarfe na saman shariha. Waɗannan su ne kwanaki mafi daɗi da ya yi a wannan kujera. Duk gidan da ya ja wa layi, sai ya ji ƙamshin abin da ake dafawa a ciki. Ya zana lungun da iska ke zuwa da warin teku, ya ji ta a wuyansa duk da na'urar sanyi. Gidansu ya bari na ƙarshe, ya zana shi a hankali, yana riƙe numfashi.

Sai ya danna manhajar bincike. Aikinta ta auna tazarar kowane layi da na kusa da shi, domin masana'anta ba ta iya buga abin da ya matsu fiye da ƙima. Bayan minti ɗaya ta fito da ja ɗari biyu da goma sha biyu. Wannan shi ne karo na biyu da aka duba lungunan Karantina aka ce sun yi ƙunci; a karon farko rushe su aka yi.

Ya fara faɗaɗa su. Kowane lungu ya buɗe, sai gidaje su matsa, na bakin iyaka ya faɗa waje. Ya rage masallaci kaɗan, ya nemi gafara. Ya mayar da bishiyar ɗigo. Ya aske wa kowa ɗan gefe daidai wa daida, har da dattawan katanga, don kada a ce. Ranar Laraba, saura kwana ɗaya a aika, ja ya ƙare, amma wurin gida sittin da uku kawai yake ɗauka.

Ya daɗe yana kallon zanen. Ya kai alamar gogewa kan gidan wani da ya koma Sudan tun da daɗewa, sai ya tuna matar gidan ce ta yi wa Inna zaman jego. Ya kai ta kan tandar Hajiya Sadiyya, ya ji muryarta. Ya kai kan gidan wani da ba ya ma cikin zauren, wanda ba zai taɓa sani ba, ya ga wannan ɗin ya fi duka muni. A gidansu an koya masa cewa mai rabon nama shi ke ɗauka a ƙarshe, in bai kai kansa ba ya ce ya ƙoshi. Inna ce ma ta koya masa, ta bakin Areej. Ya goge gidansu. Maƙwabta biyu suka matso suka haɗe, kamar ba a taɓa zama a tsakaninsu ba. Manhaja ta nuna kore.

Wata huɗun jira ya yi su ne kamar mai zazzaɓi mara zafi. Yakan hango famfuna a gonakin da bai taɓa zuwa ba, can cikin sahara, kowanne da Karantina a cikinsa, Baba Abduljalil na juya tsire a cikin duhu, ruwa na wucewa ta gefe. Mafarkin yana da daɗi har sai ya iso ƙofar da babu. Sai ya fara fatan Inna ba ta ji labarin ba, ko ta ji ta manta.

Kaya suka iso: dubu arba'in a rufe cikin baƙar roba, da guda goma da aka bari a buɗe don gwaji. A daren yana cin abinci, Inna ta dubi Areej.

"Ki ce wa wancan, an ce akwai abin kallo a wurin aikinsu."

Ranar Asabar da hantsi ya kai su. Aka ɗora wa Inna farar riga a kan abaya, aka sa mata hular roba a kan mayafi, ta tsaya kamar wadda za a yi wa tiyata ba da saninta ba. Nawaf ya fito da fara'arsa, yana yi mata maraba da Larabci, yana kiranta uwar Abdulghani.

"Ahlan, ahlan ya Umm Abdulghani! Ɗanki zinariya ne, wallahi."

Inna ta sami wani abu mai muhimmanci a jikin bango ta tsura masa ido.

Abdulghani ya ɗora shariha a faifan madubin da ke ƙara girman abu, ya juya har lungunan huɗu suka fito tsaf a tsakiyar da'irar haske, da gidajensu sittin da uku. Ya so ya yi magana, amma ba a gaya wa uwa irin wannan kai tsaye, kuma Areej ba ta sani ba balle ta isar. Sai ya ja baya ya koma bakin ƙofa, ya ba su baya, domin ba ya kyautuwa ya ga fuskarta a irin wannan lokaci. Ya ji ta ja kujera, ya ji awarwaronta sun bugi ƙarfe sa'ad da ta dafa don ta gyara zama. 

Ya shiga ƙirga fitilun rufi.

"Ikon Allah," in ji Inna. "Ke, zo ki ji. Ga masallaci. Ga gidan Abduljalil, da hawansa biyu, mai son a sani. Ga inda akuyar Sadiyya ta cinye mini zane a kan igiya, har yau ba ta ce mini sannu ba. Ga lungun su Rana maƙwabciyarmu." Muryarta ta sauka, ta zama irin ta da. "Ga namu."

Abdulghani ya dafa ƙofa.

"Ga shi nan a tsakiya. Har da dakalin da babanku ke zama. An ma share ƙofar gida." Ta yi 'yar dariya. "Dama ake yi, ashe. A wuce gida uku, a yi dama, ga tanda."

Ta kai kusan rubu'in awa tana zagaya unguwa, tana gaida matattu da masu rai. Da ta ɗago ta goge ido da bakin farar rigar kamfani, ta ce wa bango, "Wanda duk ya yi wannan, Allah ya yi masa albarka." Areej ta juyo ta ce, "Ka ji." Ya ce ya ji.

"Yalla, Inna, mu je ki sha ruwa," in ji Areej, ta kama hannunta suka fita.

Shi kaɗai ya rage a ɗakin. Ya zo a hankali, kamar mai shiga gidan da aka ce masa an rushe, ya sunkuya ya sa ido. Ashe faifan ya goce tun sa'ad da Inna ta dafa shi. Abin da ke cikin da'irar hasken shi ne sashen da ke ƙirga juyin famfo, layuka a jere kamar haƙoran mataji. Karantina tana can hagu, rabin milimita a waje.