Yadda Na Kai Littafin Alƙali Jos Babu I'izari a Ciki

Ana sallame sallar asuba muka bar garinmu, mu uku: ni magatakardan kotun alƙali, da ɗan doka ɗaya, da fursunan da za mu kai Jos. Tsakiyar damina ce, a banan nan da ba ka jin komai a bakin mutane sai maganar mulkin kai. Motar da muka samu ta fatu ce mai zuwa Bauchi, kuma duk wanda ya taɓa zama kusa da ƙirgin da ruwa ya jiƙa ya san irin turaren da muka sha. Ni aka girmama da kujerar gaba, na zauna rungume da gafakata kamar za a ƙwace.

Fursunan mai koren shanu ne, yana kora wa fatake daga wajenmu zuwa Jos da ƙafa. An tsinci bijimin wani makiyayi a cikin garken da yake kora, shaidu biyu suka gane tsagar kunnen, alƙalinmu ya ɗaure shi shekara guda a kan sata. Yayarsa da ke zaune a Jos ba ta yarda ba. Ta sami wanda ya rubuta mata takardar ɗaukaka ƙara, babbar kotu ta aiko a zo da shi, a zo da littafin shari'a da wanda ya rubuta shi. Lokacin ya yi wata uku a gidan yari.

Abin da babu wanda ya sani a motar nan shi ne littafin da ke gafakata yana da giɓi. A shari'armu, kafin alƙali ya yanke hukunci, sai ya juya ga wanda hukuncin zai hau kansa, ya tambaye shi a gaban shaidu ko yana da sauran hujja ko wani mai shaida. Wannan shi ake kira i'izari, hukuncin da babu shi kuwa bai tsayu ba. Ranar shari'ar nan ta faɗo ranar kasuwa, ƙararraki sun yi yawa, ruwa ya goce, zaure yana yoyo. Malam, wato alƙalinmu, ya yanke hukunci bai yi tambayar ba, ni ma ban lura ba sai ana gobe za mu tafi, da na zauna duba shafin. Na kasa faɗa masa. Mutumin da ya koya mini riƙe alƙalami, ya yi mini aure, ya tsufa ba a taɓa soke hukuncinsa ba, ta ina zan fara? Ga shi kuma ana raɗe-raɗin za a sallami tsofaffin alƙalai da zarar an same su da kuskure.

A Bauchi muka sauya mota, aka karɓi sule huɗu huɗu, ɗan doka yana ta mita wai bara uku ne. Hanyar ba laifi har Nabordo, inda motar ta kafe a taɓo. Direba ya ce kowa ya sauko a tura. Ɗan doka ya dubi fursuna, ya dubi taɓo, ya dubi fararen kayan da ke jikinmu, sai ya kwance masa ankwa ba tare da ya shawarci kowa ba. Mutumin nan ya sa kafaɗa, motar ta fito. Bayan nan shi da kansa ya miƙa hannu a mayar masa da ankwar, ɗan doka kuwa kunya ta hana shi. Har Jos ankwar tana aljihu.

Daga Toro iska ta canja, duwatsu suka fara bayyana, manya a ɗore kan ƙanana, kai ka ce wani ne ya jera su da hannu. A Tilden Fulani muka sha fura da nono na kwabo biyu, nono mai kauri wanda ludayi ke tsayawa a ciki. A nan gardama ta ɓarke tsakanin fasinjoji. Wani malamin makaranta Kirista, ɗan ƙasar Filato, ya ce idan za a rubuta tsarin mulki, to a rubuta doka ɗaya ta laifuffuka wadda kowa zai iya buɗewa ya karanta, domin shi bai san abin da ke cikin littattafan alƙalai ba, kuma yana tsoron abin da bai sani ba. Wani falken goro ya ce ai shari'a rubutacciya ce tun kafin Bature ya san hanyar ƙasar nan. Suka ce ni in raba su, tunda aikina ne. A wata ranar da na cika musu kunne. Ranar nan cewa na yi kaina ke ciwo.

La'asar sakaliya muka shiga Jos ta Naraguta. Tun daga nesa ake ganin tulin jar ƙasa da tafkunan da masu haƙar kuza suka bari, da gonaki ƙanana kewaye da shingen kyarana. Sanyin garin kuwa ba ya sallama. Ni da na zo da riga ɗaya mai shara-shara don in burge mutanen birni, sai da na sayi bargo a bakin tasha na yafa kamar mai jinya. Muka miƙa fursuna gidan yari, na sauka a Gangare wajen wani abokin karatuna. Lungunan unguwar matsattsu ne, amma babu yaren da ba za ka ji ba, kuma duka da Hausa ake ciniki, kowa da irin tasa.

Kafin magariba yayar fursunan ta zo da kwanon tuwon acca da miyar nama. Tuwo take sayarwa a bakin kwata, inda mahauta ke yanka. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce ta samo mutum biyu, wani mahauci da wani dillali, waɗanda a gabansu ƙanenta ya sayi bijimin a kara, kasuwar shanu, da rana tsaka, hannun wani baƙo.

Na ce, "Me ya hana shi faɗa a gaban alƙali?"

Ta ce, "Malam, mutumin daji ne. In ba a ce ya yi magana ba, ba zai buɗe baki gaban manya ba. Ya ce yana ta jira a tambaye shi."

Tuwon ya yi daɗi, amma loma uku na iya yi.

Da safe na kai littafin ofishin kotu. Akawun Bayarabe ne mai fara'a, ya daɗe a Jos, ya san aikinsa ƙwarai. Tafinta ya karanta masa shafin, ya saurara har ƙarshe, ya cire tabarau ya ja ni gefe.

Ya ce, "Oga, wannan littafi naka, wancan tambaya babu shi a ciki fa. Malamai na kotu za su gani. In sun tambaye ka, ka ce alƙali ya yi, kai ne ka manta ba ka rubuta ba. Magatakarda ya manta, ƙaramin abu ne. Alƙali ya manta, babban magana ne."

Ba da mugunta ya faɗa ba, tausayin tsoho ya ji. Ni ma ba zan ɓoye muku ba, shawarar ta kwanta mini. Zan ɗauki laifi a kaina, in rufa wa malamina asiri, har ma in ji kamar na yi abin kirki. Sai dai in na faɗi haka, hukunci ya tsayu, ba za a saurari mahauci da dillali ba, mutumin da ya fitar da mu daga taɓo zai koma ya cika wata tara. Na yini ina yawo a gari, na ga tashar jirgi, na ga kantuna, na ga mata sun jera dankalin Turawa da kabeji a bakin titi, amma in kun tambaye ni kuɗinsu ban sani ba.

Kashegari aka zauna. Ɗakin kotun dogo ne mai benci, ba tabarma. Joji Bature yana sama, malamai biyu masana fiƙihu suna gefensa, domin a irin wannan ƙara su ke faɗa masa abin da shari'ar Musulunci ta ce. Aka karanta shafina da Larabci, aka juya shi da Turanci. Babban malamin, wani dattijo siriri mai farin rawani, ya karɓi littafin ya bi shi da yatsa har ƙasa, ya juya bayan shafin, ya dawo. Sannan ya ce a kira magatakarda.

Ya ce, "Ɗana, ban ga i'izari ba. An yi ba ka rubuta ba, ko ba a yi ba?"

Na dubi akawu, ya sunkuyar da kai. Na dubi fursuna, shi ko kallona ba ya yi, bai ma san rayuwarsa tana bakina ba.

Na ce, "Allah ya gafarta malam, ba a yi ba."

Dattijon ya gyaɗa kai. Ya juya ya yi wa Joji bayani ta bakin tafinta, a natse, ya kawo nassin daga ka, ya ce hukuncin da aka yanke ba a ba mutum damar kawo hujjarsa ba rusasshe ne a mazhabarmu, ko da alƙalin ya fi kowa ilimi. Joji ya ce su ma haka dokarsu ta ce. Dattijon ya yi murmushi ya ce ya ji daɗi da suka yarda da mu. Wallahi a wannan lokacin, duk da abin da na jawo wa malamina, na ji kaina ya yi girma. Ba dokar Bature ce ta buɗe wa mutumin nan ƙofa ba, tamu ce, daga littafin da muka karanta a zaure. Na so a ce malamin makarantar nan na Tilden Fulani yana wurin.

Aka kira mahauci da dillali, suka ba da shaida, maganarsu ta zo ɗaya. Kafin azahar aka soke hukunci, aka sallami mai koren shanu. Yayarsa ba ta yi guɗa ba, zama ta yi a matakalar kotu ta rufe fuska da mayafi. Daga nan ta ja mu har bakin kwata, mahauta suka cika mu da balangu, wata maƙwabciyarta 'yar ƙasar ta kawo gwate mai zafi, wato faten acca da ganye, tana cewa, "Malam, ka sha, shi yana kore sanyi." Ɗan doka ya ci har ya kwance ɗamara.

Komawa gida kwana biyu ta ɗauke mu, mu uku har da mai koren shanu, saboda ruwa ya cinye wata gada bayan Bauchi. Ni kuwa da za a ƙara kwana biyu da na gode. Na sami Malam a zaure bayan la'asar, da almuhutai mataimakansa da masu ƙara. Na gaishe shi, na ajiye littafin, na ce an soke hukunci saboda babu i'izari. Ya buɗe shafin ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "An tambaye ka?"

Na ce, "An tambaye ni, Allah ya gafarta malam."

"Me ka ce?"

"Na ce ba a yi ba."

Ya rufe littafin. Ya ce, "Da ka ce an yi, da yau ka ajiye mini alƙalamina. Laifinka ɗaya, ka gani ba ka faɗa mini ba, ka bar mutum ya ƙara kwana a ɗaure."

Sai ya nemi sandarsa. Aka ce a kawo doki, ya ce a'a. Da ƙafa tsohon nan ya taka har bayan gari inda mai koren shanu yake, mu muna biye, mutane suna leƙowa ta katanga. Ya tsaya a ƙofar bukka ya yi sallama, ya ce ya zo neman gafara, ya ɗaure shi wata uku bai ji ta bakinsa ba. Mutumin ya ruɗe, ya zube ƙasa yana cewa ya yafe, Malam yana cewa ya tashi, ba shi ya kamata ya durƙusa ba.

Har yanzu da nake rubuta muku wannan, ba mu san abin da za a yanke a kan kujerar Malam ba. Takardar soke hukuncin ta tafi wajen hukuma, amsa ba ta zo ba, shi kuwa kullum yana zaure yana aikinsa. Ana cewa nan gaba za a rubuta sabuwar doka ta laifuffuka, wasu na murna, wasu na fargaba, ni ƙaramin ma'aikaci ne, ba a shawarce ni ba. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, na tafi Jos ina tsoron kada gaskiya ta kunyata shari'armu, ashe ƙaryata ce kaɗai za ta iya kunyata ta. Na yi shekara goma sha biyu ina alfahari da cewa ni almajirin alƙalin da ba a taɓa soke hukuncinsa ba ne. Yanzu an soke, kuma ban taɓa alfahari da shi kamar ranar da na bi shi a baya zuwa bukkar nan ba.